Shin kafa sola a ƙasa a harabar masana'anta sai da izini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'antar ruwan leda a Kano, kuɗin man dizal ya kusa durƙusar da ni. Na ci bashi na sayi farantan sola 60, amma rufin kwanon ba zai ɗauke su ba. Mai haɗawa ya ce a kafa su a ƙasa, rabi a cikin haraba, rabi a filin da ke tsakanin katangata da titi, wai ba ruwana da izini tunda ba gini ba ne. Har an fara haƙa ramuka maƙwabcina ya ce za a iya zuwa a rushe. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Don Allah mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Maƙwabcinka ya yi maka alheri. Ka dakatar da haƙan nan yau, tunda ba a zuba kankare ba, babu abin da ya ɓaci tukuna.

Bari in fara da mai sauƙi. Ta fuskar wutar kanta, wanda zai samar wa kansa lantarki ba ya neman izinin NERC, hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa, sai ya haura megawat 1. Farantanka 60, in masu wat 550 ne, kilowat 33 ke nan, ko kusa ba ka kai ba. Duba ingancin haɗin wayoyi kuwa aikin NEMSA ne, hukumar da ke tantance ingancin ayyukan lantarki, ka sa su gani kafin a kunna.

Sai maganar nan ta "ai ba gini ba ne". Wallahi na gaji da jin ta. Kusan kullum sai wani ya zo mini da ita, kuma bakin da ta fito ɗaya ne: mai haɗa sola da ke son ya karɓi kuɗinsa ya wuce. Dokar tsara birane ta ƙasa ta 1992 ba ta tsaya a kan bulo da siminti ba. Duk aikin gini ko na injiniya da aka yi a kan ƙasa ko a ƙarƙashinta, da duk canji mai girma a yadda ake amfani da fili, raya fili ne a wurinta, kuma sai da amincewar hukuma. To, kai da za ka haƙa rami, ka zuba kankare, ka dasa ƙarafa, ka binne waya, me ka yi in ba aikin injiniya ba? A Kano hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ce mai wannan hurumi, a Kaduna KASUPDA. Ranar da aka shafa wa ƙarafanka jan fenti, mai haɗawar nan ko wayarka ba zai ɗauka ba.

Kuma ba tsoron rusau kaɗai nake nuna maka ba. Faranti ɗaya tsawonsa ya haura mita 2, nauyinsa ya kusa kilo 30. Guda 60 a jere sun kai murabba'in mita 150, a karkace, iska na shiga ta ƙarƙashinsu. Ka tuna irin guguwar farkon damina da ke yaye rufin makarantu. Na taɓa tsayawa a wata haraba washegarin irin wannan iska: ƙafafun ƙarfen sun tumɓuko da dunƙulen kankaren da bai wuce girman bokiti ba, faranti ɗaya ya tsallake katanga ya faɗa tsakar gidan mutane, dab da madafa. Allah ne ya tsare, babu kowa a wurin a lokacin. Mai wurin shi ma "ba gini ba ne" aka ce masa, shi ya sa babu injiniyan da ya lissafa masa zurfin tushe. Ga kuma wuta: farantai 15 a layi ɗaya sun haura bolt 600 da rana tsaka, kuma muddin akwai rana ba sa daina bayarwa ko ka kashe inbata. Wannan kake so ka ajiye a bakin titi, inda yara ke wasa, awaki ke kwanciya?

Filin gaban katangar nan ma ba naka ba ne. Ɗauko zanen safiyo da ke manne da takardar mallakarka ka ga inda dutsen iyaka ya tsaya. Abin da ya wuce nan haƙƙin hanya ne, na lambatu da bututun ruwa da falwaya. Babu roƙon da zai halatta maka shi. Haka in babbar wayar lantarki ta ratsa kusa: mai kilobolt 132 tana da mita 30 na faɗi da ba a kafa komai, mai 330 kuwa mita 50.

Inda ake samun sassauci shi ne cikin iyakarka. In harabar ta yi maka kaɗan har sai ka matsa kusa da katanga fiye da tazarar da aka ƙayyade, a rubuce ake nema, tare da zane da dalili. Ka kuma duba abin da aka rubuta a takardar filinka. In na gidan zama ne kake sana'a a kai, sai ka fara neman canjin amfani a ma'aikatar ƙasa, domin dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon soke takardar wanda ya saɓa sharaɗinta.

Na san fayil kan daɗe a kan tebur, abin na ƙona mini rai, don shi ke tura mutanen kirki hannun 'yan kamasho. Duk da haka kada ka miƙa wa kowa kuɗi a gindin bishiya. Ka shiga ofishin KNUPDA da kanka, da kwafin takardar mallaka, da zanen fili mai nuna inda farantan za su zauna, da lissafin tushe mai hatimin injiniya mai rajista da COREN, wato hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ka karɓi rasit. In wuri ya ƙi isa, ka ce injiniyan ya ɗaga su sama su zama rumfar motocin da ke lodin ruwa, duka 60 su shiga cikin katanga.