Tambayi Mama Malama: Fada ya ce kira ne, kawu ya ce wahala ce

Tambaya: Mama, barka da aiki. Na gama NCE a Pankshin, fannin lissafi. Yanzu wata makarantar Katolika a nan Jos ta ba ni aikin koyarwa a ƙaramar sakandare, amma albashin bai taka kara ya karya ba. Fadan cocinmu ya ce koyarwa kira ne daga Allah, in karɓa. Kawuna kuwa ya ce in jira aikin gwamnati, wai ladan malami sai a lahira. Ni ina son aji, sai dai ina da ƙanne biyu a wuyana. Yaya zan yi?
'Yarki daga Tudun Wada, Jos

Amsa: 'Yata, ki karɓa. Amma kafin ki taɓa alli, a ba ki takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da albashi a rubuce, kada ki tsaya ga maganar baka.

Fada bai yi ƙarya ba. Tun da Fada-Fadan SMA, wata ƙungiyar 'yan mishan ta Katolika, suka sauka a Shandam a 1907, coci da makaranta tare suke tafiya, sau da yawa ma mai koyar da katikizim, wato darasin addinin coci, shi ne malamin aji. Sistocin St. Louis sun iso Kano a 1948, daga baya suka buɗe makarantar 'yan mata a nan Jos. Ga makarantar St. Murumba, ga ta St. Joseph a Vom. Taron Vatikan na biyu, babban taron shugabannin cocin Katolika, ma ya faɗa a 1965 cewa cin nasarar makarantar Katolika kusan gaba ɗaya yana hannun malamanta, ya kuma ce a horar da su sosai, su riƙe takardun shaida. To ke kina da taki.

Ni a irin wannan makaranta na yi yawancin aikina, kuma abin da ya fi riƙe ni shi ne tsari. Ƙararrawa ta buga, a yi addu'ar safe, kowa ya shiga aji. Ran Litinin Sista shugabarmu takan karɓi littafin shirin darasi ta bi shi da jan biro layi-layi, mu fito muna ƙunƙuni, ga sanyin Disamba yana cin yatsu. Amma a nan na iya aikin. In kin ba da aikin gida za a yi, in kin kira iyaye za su zo, babu yajin aikin da zai cinye miki zango guda. Malamar lissafi ta san amfanin wannan, don yaron da ya rasa makon da aka koyar da raba lamba zai yi ta ɗingishi har aji uku.

Akwai kuma abin da sai ɗan Jos zai gane nauyinsa. Bayan rikicin 2001 unguwanni sun rabu, yaro yakan girma bai taɓa cin abinci da wanda ba addininsu ɗaya ba. A ajina kuwa Musulmi da Kirista benci ɗaya suke zama, su ari magogin juna, su yi faɗa a kan ƙwallo su shirya kafin a tashi. Iyaye Musulmi da suka kawo 'ya'yansu amana suka ba ki. Aikinki lissafi ne da tarbiyya, kada ki taɓa sa ɗansu ya ji shi baƙo ne.

Za ki ji ana cewa wata rana tsohon ɗalibi zai biya miki kuɗin asibiti. Yakan faru, amma kada ki sa shi a lissafin cefanen wata.

Yanzu bari in ba kawu nasa gaskiyar. Kira ba ya biyan kuɗin haya. Ki fara tambaya wa ke da makarantar, dayosis ne, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop, ko ƙungiyar Sistoci, ko cocin unguwa, don aljihunsu ba ɗaya ba ne. Ana biya a watan dogon hutu? Akwai fansho? Dokar fansho ta 2014 ta ce wanda ya ɗauki ma'aikaci ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kashi 8, a wurin da ma'aikata suka kai 15. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuma naira 70,000 ne tun 2024, ki auna abin da suka yanka miki da shi. Ki kuma tambaya ko ana rage wa dangin malamai kuɗin makaranta, wataƙila ƙannenki su samu shiga. Kada ki ji kunyar Fada a kan wannan. Tun 1891 Fafaroma Leo na 13 ya rubuta cewa dole a biya ma'aikaci abin da zai riƙe kansa da mutunci, kuma Fada ya karanta shi a makarantar horar da Fada-Fada.

Zaman jiran aikin gwamnati ba shi da ranar ƙarewa. Ki yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ki cika takardar gwamnati duk lokacin da aka buɗe, kina cikin aji kina jira. In ya fito kika ga ya fi miki, ki sanar da shugabar makaranta da wuri, ki kai ƙarshen zango, musamman in 'yan aji uku masu shirin jarrabawa aka ba ki.