Makaranta a Rufe: Waya Za a Saya wa Yara ko Allo?

Tun daga watan Maris na 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu sai wajen Oktoba aka fara komawa, rufe makaranta ya daina zama baƙon abu a wajenmu. Yau ambaliya, gobe fargabar tsaro, jibi dogon hutu. Wasiƙu uku na zaɓo a wannan makon.

Ta farko daga wani magidanci ce a yankin Auyo: "Ruwa ya ci garinmu, firamarenmu ta zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe, ba mu san ranar komawa ba. Yarana uku. Ƙanina da ke Kano ya ce in sayar da buhun shinkafa biyu in sayi babbar waya su riƙa karatu a intanet. In saya?"

Malam, Allah Ya mayar da alheri, Ya kiyaye gaba. Amma kada ka taɓa shinkafar nan. Kuɗin waya ba ya ƙarewa ranar da aka saye ta. Kullum sai an kai ta wajen mai caji, data ta ƙare a sake sayen wata, sabis kuma a ƙauye wani lokaci sai an fita bakin titi ake samunsa. Na ga wannan da idona a gidan wani ɗan'uwana lokacin korona: an sayi waya don karatu, kafin sati biyu maigida ke fita da ita kasuwa, idan ya dawo da dare yara su taru a kanta suna kallon fim. Waya ɗaya, yara uku, kowa da ajinsa, faɗa kawai za ka sayo.

Ranar Lahadi ka shiga kasuwar Gujungu da ɗan abin da ya sauwaƙa. Abu na farko fitilar sola, domin yanzu kaka ce, da rana yara suna gona, lokacin karatunsu tsakanin Magariba da Isha'i ne. Ka nemi wadda farantinta yake daban da doguwar igiya, a ɗora shi kan rufi fitilar tana ɗaki, kuma a kunna maka ita a gabanka kafin ka biya. Sai guntun falanki da kafinta zai shafa wa baƙin fenti, da kwalin alli, da fensir da littafin rubutu ga kowane yaro. Allon Alƙur'ani a bar shi da darajarsa, kada a haɗa shi da wannan aiki. Idan kuɗi ya rage ka ƙara da ƙaramar rediyo, don a lokacin korona ta gidajen rediyo aka riƙa ba da darussa a Kano da Jigawa, kuma ko babu darasi, yaro ya saurari labarai ya maimaita maka abin da ya ji, shi ma karatu ne.

Ƙaninka bai yi ƙarya ba, akwai darussa a intanet. Akwai manhajar Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, har da darussa cikin Hausa. Idan ya zo gida da tasa wayar, ya zauna da su ya nuna musu.

Ta biyu, wata baiwar Allah ce daga wani ƙauye a Dawakin Tofa ta sa aka rubuta mata: "Ban yi boko ba, maigida ya tafi ci-rani. Ɗana yana aji huɗu. Mai sayar da littattafai ya ce in sayi na Turanci da na lissafi na aji huɗu. Shin zai amfane shi tunda ni ba zan iya koya masa ba?"

'Yar'uwa, wannan wasiƙa ta taɓa min zuciya, kuma ina so ki cire wa ranki cewa ba ki da abin ba shi. Kafin ki sayi komai, ki fara sanin inda yaron yake. Ki kira wata ɗalibar sakandare a maƙwabta ta rubuta masa haruffa biyar, da kalmomi biyar irin su gida, rago, ƙofa, sai gajeren labari na layi uku. Ke ki zauna ki kasa kunne. Ba sai kin iya karatu ba za ki gane yaron da ke tafiya sumul da wanda ke inda-inda. Yara da yawa suna kaiwa aji huɗu ba su iya haɗa baƙi da wasali ba, kuma ba daƙiƙanci ba ne, cunkoson aji ne ya sa aka wuce su. Idan ɗanki a nan ya tsaya, littafin Turancin aji huɗu zai zame masa dutse. Ki saya masa na koyon karatun Hausa na aji ɗaya ko biyu, mai manyan haruffa da hotuna, ya fara daga ba, be, bi, bo, bu. Kada ki bari kowa ya yi masa dariya a kan haka. A ƙaramar hukumarku da ta Wudil aka gudanar da shirin KaLMA na koya wa 'yan firamare karatu da lissafi, kuma tushensa ke nan: a koya wa yaro daga inda ya tsaya, ba daga lambar ajinsa ba.

Lissafi kuwa, ke ce malamarsa. Ki karya tsinken tsintsiya, ku ɗaure su goma-goma da zare. Ki ce ya ajiye miki 34: ɗauri uku da tsinke huɗu. Sai ki ce ya cire 8. Zai duba ya ga huɗu ne kawai a warwatse, ya yi shiru, ya kalle ki. Kada ki faɗa masa. Da kansa zai kai hannu ya kwance ɗauri ɗaya, ya cire, ya ga saura ɗauri biyu da tsinke shida. Abin da malamai ke kira aro ke nan, wanda yara ke haddacewa ba su gane ba. Idan kina sayar da ƙuli-ƙuli ko daddawa, ki bar masa ƙirgen canji, ke kina lura.

Ki tsayar da lokaci ɗaya kullum, ko rabin awa ne, a shimfiɗa tabarma a wuri ɗaya, kamar yadda makarantar allo ba ta fashi don malam ya gaji.

Ta uku gajeriya ce, daga wajen Wudil: "Wani matashi mai NCE ya ce zai riƙa yi wa yaranmu maza lesin idan za mu biya. Ya dace?"

Ya dace, Alhaji, in kun haɗu gida biyar ko shida kuka yi karo-karo, ko da kwanon gero ne idan kuɗi ya yi wuya. Yaran kada su wuce goma sha biyar, a raba su bisa abin da suka iya, a yi a zaure ko gindin bishiya inda manya ke gani. Ku biya shi sati-sati, kuma bayan wata guda ka sa ɗanka ya karanta maka takardar da bai taɓa gani ba. Wasiƙarka yara maza kawai ta lissafa; ka dawo da 'yan matan daga talla awa ɗaya kafin lokacin, ka rubuta sunayensu a jerin tun ranar farko.