Mai gyara ya ce in zauna a Windows 10, antibayros ya ishe ni

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da cike fom ta intanet, kwamfutata HP ce ta hannu mai Windows 10. Kullum sai ta nuna mini saƙon an daina tallafa mata. Mai gyaran da nake kai wa ya ce in rabu da saƙon, har ya kashe mini Windows Update, wai antibayros ya ishe ni. Hankalina bai kwanta ba, don hotunan fasfo da lambobin NIN na jama'a suna cikinta. Yaushe ya kamata in koma Windows 11?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Lokacin ya riga ya yi. Tun 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kyauta da aka saba.

Amma maganar mai gyaran nan ita ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai an kawo mini kwamfutar da aka yi wa wannan aika-aikar. Antibayros mai gadi ne a bakin ƙofa, sabuntawa (Windows Update) kuwa ita ke toshe ramin da ke bayan katanga. Idan aka gano wata kafa a cikin Windows kanta, babu antibayros ɗin da zai toshe ta, sai kamfanin da ya rubuta ta. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft kuwa ta fitar da maganin wannan kafar tun watan Maris. Wata biyu maganin yana nan, ba a saka ba.

Me ya sa masu gyara ke kashe sabuntawa? Wasu don kada ka dawo kana ƙorafin data ta ƙare. Da yawa kuwa Windows ɗin sata suka ɗora maka, da ɗan manhajar da ke yi mata rajistar bogi, suna tsoron sabuntawa ta tona asiri. Shi ya sa ma za ka ga sun kashe Windows Defender, wato antibayros ɗin da ke zuwa da Windows, kafin su saka ta, tunda da zarar ya gan ta zai kama. Wato da hannunsu suka buɗe ƙofa, sannan suka ce maka ka kwanta ka yi barci. Mutumin da bai san abin da ake kira TPM (wani sashen tsaro a cikin kwamfuta) ba yana yanke wa bayanan ɗaruruwan mutane hukunci. Wannan ba gyara ba ne, kuma amanar tana wuyanka, ba wuyansa ba.

To, duba sunan injin kwamfutarka, wato processor. Idan ka ga i5-6300U ko i5-7200U, lambar farko bayan layin ita ce ƙarni, kuma Windows 11 daga ƙarni na 8 take karɓar yawancin na Intel, tare da TPM 2.0. Manhajar PC Health Check za ta faɗa maka nan take. Idan ta cancanta, kwashe fayilolinka a wani faifan waje, ka tabbatar firintarka da na'urar ɗaukar zanen yatsa suna da direba (manhajar da ke sa su aiki) ta Windows 11, ka haɗa caji, ka yi da daddare a ranar da babu cunkoson rajista. Kana da kwana 10 na komawa baya idan wani abu ya ƙi.

Idan ba ta cancanta ba, kada ka yarda a tura mata Windows 11 ta ƙarfi, Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan ba. Shirin ESU na Microsoft, wato ƙarin wa'adin gyaran tsaro ga Windows 10, an tsara shi ga ɗaiɗaikun mutane zuwa 13 ga Oktoba, 2026, sai ka yi amfani da tazarar ka tara kuɗin wata. Yau dai, kafin ka rufe shago, ka kunna Windows Update da Defender, ka goge duk hoton fasfo da lambar NIN da ka gama aiki da su.