Amsa: wai tseren Dakar ya taɓa bi ta Nijar?

Malam, kana tambaya ko da gaske ne tseren Dakar, wato tseren motoci da babura na cikin hamada, ya taɓa ratsa Nijar, ai ba wai a ciki, tun karon farko ma. 'Yan tseren sun taso daga Faris ƙarshen 1978, suka tsallaka Aljeriya, ta Tamanrasset suka gangaro Agadez, sai Yamai, sai Gao da Bamako har Dakar a watan Janairun 1979. Kuma abin da ya fi burge ni, wanda ya zo na ɗaya a babur yake, Cyril Neveu da Yamaha XT500, mashin mai silinda ɗaya kawai fa, kuma yawancin mahayan ba ƙwararru ba ne, masu sha'awa ne irinmu da suka tara kuɗinsu suka shiga.

Wanda ya ƙirƙiro tseren, Thierry Sabine, ya rasu a hatsarin helikwafta a Mali a 1986.

Yanzu kam ba ya zuwa nan. An soke na 2008 saboda matsalar tsaro a Moritaniya, 2009 aka kai shi Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Sunan Dakar ɗin kawai ya rage, ni dai rairayin hamadar Tenere ta Nijar ya fi min.