Tambayoyinku kan fasaha: Da gaske Zidane ya sa hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A guruf ɗinmu na WhatsApp na magoya bayan Manchester United an turo hoton wani rubutu daga X (tsohuwar Twitter), da sunan Fabrizio Romano, ɗan jaridar da ya shahara da labaran cinikin 'yan ƙwallo, da shuɗiyar alamar tantancewa, wai Zidane ya amince zai karɓi aikin horar da ƙungiyar. Har da bidiyon Zidane yana bayani da Turanci. Mun kwana muna musu. Ta yaya zan gane gaskiya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun da Zidane ya bar Real Madrid a watan Mayun 2021, kusan duk babbar ƙungiyar da ta kori koci sai an jingina masa ita. Da Didier Deschamps ya sanar a Janairun 2025 cewa zai bar aikin horar da tawagar Faransa bayan Gasar Cin Kofin Duniya ta 2026, sai jita-jitar inda Zidane zai dosa ta ƙara ƙarfi. Masu ƙirƙirar labarin ƙarya sun san inda zuciyar magoya baya take, can suke dosa.

Hoton rubutu ba hujja ba ne. Duk mai kwamfuta zai iya sauya kalmomin da ke kan shafi a burauzarsa, wato manhajar buɗe shafukan intanet, cikin minti biyu, ya ɗauki hoto ya watsa. Don haka ka buɗe X da kanka, ka shiga shafin Romano na ainihi, ka nemi rubutun. Idan babu shi a can, an gama magana. Ka kuma duba sunan da ke bayan alamar @ harafi bayan harafi, domin masu kwaikwayo kan sa babban harafin I a madadin ƙaramin L, ko su ƙara lamba a ƙarshe, kuma a ƙaramin allon waya ido ba ya saurin kamawa.

Ita kuwa shuɗiyar alama, tun 2023 kuɗi ake biya a same ta a X. Wannan abu yana ɓata min rai sosai, domin jama'armu da yawa har yanzu suna ɗaukarta a matsayin shaidar gaskiya.

Batun bidiyo ya fi buƙatar natsuwa. Akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke kwaikwayon muryar mutum, su kuma daidaita leɓensa da sabuwar maganar. Ka lura da baki da haƙora, da ko murya tana fita shimfiɗe babu numfashi. Sannan ka tsayar da bidiyon, ka ɗauki hoton allo, ka saka a Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Sau da yawa za ka tarar tsohon taron manema labarai ne aka ɗora wa sabuwar murya. Zidane da Faransanci da Sifaniyanci aka saba jinsa a gaban 'yan jarida, shi ma dalili ne na yin shakka. Ɗaukar koci kuwa, ƙungiya da kanta take sanarwa a shafinta.

Tambaya: Malam, na danna wani adireshi da aka ce zan kalli gabatar da sabon koci kai tsaye, sai ya nemi lambar sirrina ta Facebook, na kuwa saka. Akwai matsala? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Akwai, 'yar'uwa, shafin satar bayanai ne. Ki canza lambar sirrin yanzu, daga cikin manhajar Facebook ɗin kanta. Ki shiga saitin tsaro ki fitar da duk na'urar da ba ki gane ba, ki kunna tabbatarwa ta mataki biyu, wato neman wata lamba ta daban bayan lambar sirri kafin a shiga. Idan da lambar sirrin ɗaya kike buɗe imel ɗinki, ki canza ta a can ma, kuma ki sanar da 'yan uwa kada su amsa saƙon neman kuɗi da sunanki.