Tambayoyinku kan waya: "Da sunan addu'a suka kwashe min WhatsApp"

Salama gareku masu bibiyarmu. Tambayoyin wannan makon yawanci daga 'yan coci suka fito, kuma duk abu ɗaya ne, mutane na fakewa da sunan Allah suna cutar masu bi ta waya. Na zaɓi guda uku.

TAMBAYA: Malam salama. Ni ce ma'ajin zumuntar mata a cocinmu a Kafanchan. Wani ya kira ni yace shi ne sakataren taron azumi da addu'a da za a yi ta Zoom, wai za a turo min lamba in karanto masa don a sa sunana. Na karanto, nan take WhatsApp ɗina ya fita, yanzu mata sai kirana suke wai na roƙe su kuɗin asibiti. Ya zan yi?

AMSA: Sannu Mama, Ubangiji ya sauwaƙe. Wannan lambobi 6 da kika karanto ba na taro ba ne, su ne WhatsApp ke turowa duk wanda zai buɗe akawun da lambar layinki a sabuwar waya. Shi ya zuba lambarki a wayarsa, saƙon ya zo miki, ya kira ki da murya mai sanyi yana ta "Mama albarka" har kika miƙa masa. Taron Zoom na gaskiya mai shiryawa ne ke ba ki hanyar shiga, ba ke ce ke ba shi komai ba.

Yanzunnan ki sake buɗe WhatsApp ki sa lambarki, sabon kod zai shigo ta saƙon tes tunda layin na hannunki, kina sawa shi kuma zai fita. Matsalar kawai in ya riga ya ɗora nasa PIN, to nan sai kin jira kwana 7 kafin ki shiga, amma ko a hakan da zarar kin sa kod ɗin an kore shi, ba zai ci gaba da tura saƙo da sunanki ba. Kafin nan dan Allah kar kunya ta hana ki magana, ki kira shugabar zumunta da Baba Fasto a cire lambar daga duk guruf, a kuma yi sanarwa a sujada ranar Lahadi, don waɗannan mutanen daga guruf ɗaya suke tsallakawa zuwa wani, sunayen da suka gani a naki su za su bi gobe. Wadda ta riga ta tura kuɗi ta kira bankinta yau ɗin nan da shaidar turawar, kar ta bari sai jibi.

In kin dawo da akawun, ki shiga saitin, wurin Account, ki kunna Two-step verification ki sa PIN naki da imel, sannan ki duba Linked devices ki goge duk na'urar da ba ki sani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin iyayenmu mata na jin cewa in an ambaci addu'a to yin tambaya rashin bangaskiya ne. Sam ba haka ba ne. A 1 Yahaya 4:1 cewa aka yi kada mu gaskata kowane ruhu, mu gwada tukuna, kuma mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 yabonsu aka yi don suna binciken abin da Bulus da kansa ya faɗa musu. To in an binciki Bulus, waye wannan mai baƙuwar lamba da ba za a ce masa "bari in kira Fasto in ji" ba? Ki kashe wayar, ki kira lambar da kike da ita tun da, shikenan.

TAMBAYA: Barka da aiki Malam. Daga Jos nake. Na ga bidiyon wani babban mai wa'azi a Facebook, fuskarsa ce muryarsa ce, yana cewa a shuka iri na naira 20,000 a wani asusu za a yi wa mutum addu'a ta musamman. Ya zan gane ko shi ne?

AMSA: Ɗan'uwa fuska da murya yanzu sun daina zama shaida, akwai manhajojin da in an ba su ɗan guntun wa'azin mutum za su kwaikwayi muryarsa su sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Wani lokacin za ka ga leɓe bai tafiya daidai da magana, amma kar ka dogara da wannan don kullum ƙara gyara abin ake.

Ka bar bidiyon ka binciki shafin. A bayanan kowane shafin Facebook akwai wurin da ke nuna ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa amfani da su, sau da yawa sai ka tarar wata uku da suka wuce shafin sayar da takalma ne. Shuɗiyar alamar tantancewa da ake gani a gefen sunan shafi ma yanzu da kuɗi ake biyanta, ita kaɗai ba ta isa ba. Sai ka sa lambar asusun a manhajar bankinka ka ga sunan da zai fito ba tare da ka tura ba, in sunan wani mutum ne can daban ba na ikilisiya ba, magana ta ƙare. Ni a ganina ma ko da shi ɗin ne da gaske, addu'ar da aka yanka wa farashi abin dubawa ce, ka tuna yadda Bitrus ya tsawata wa Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni sura 8 da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi. Baikonka da zakkarka ka kai inda ka san dattawa kuma ake karanta rahoton kuɗi a gaban kowa.

TAMBAYA: Malam wani ɗan'uwa a ƙungiyar mawaƙanmu ya kawo manhajar zuba jari, wai kuɗi na ninkuwa a wata ɗaya, shi har ya cire riba ya ba da shaida a coci. In shiga?

AMSA: Kar ki shiga ƙanwata. MMM haka ta yi har ta rufe asusun mutane a Disamba 2016, CBEX ma alkawarin ninki a kwana 30 ta yi kafin ta rushe a Afrilu 2025. Shi ɗan'uwan mai yiwuwa ba ƙarya yake ba, an biya shi ɗin, amma da kuɗin waɗanda suka shigo bayansa, kuma shaidar tasa ita ce tallar da masu abin ke nema. Ki tambaye shi me kamfanin ke sayarwa har yake samun wannan riba, ki kuma duba ko sunansa na cikin masu rajista a shafin hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari a Najeriya, takardar rajistar kamfani ta CAC kaɗai ba lasisin karɓar jarin mutane ba ce. Ki same shi ku biyu cikin ƙauna ya cire abin da zai iya cirewa, in ya ƙi ji ki sanar da dattawa kafin ya ja sauran mawaƙan. BVN ɗinki da lambobin katin ATM kuwa kar ki zuba su a manhajar ko da sun ce rajista kyauta ce.