Kafin ka ɗora buroshi a kan Turancin wani

Kai yaro, tambayar da ka yi mini jiya ina wanke buroshi ban amsa ba ne don ta tayar mini da wani tsohon mikin, ba don na raina ta ba. Ka ce mai shinkafar nan na bakin titi yana son take da Turanci a allon shagonsa, mai amsa-amo kamar waƙa, ka nuna mini jerin da wayarka ta zubo maka: rice, nice, price, mice, lice, dice. Wai wacce za ka ɗauka, tunda duk sun dace.

A kunne kaɗai suka dace. Nice abu ne mai kyau, price farashi, waɗannan biyun za su zauna da shinkafa lafiya lau. Amma mice ɓeraye ne, lice ƙwarƙwata, dice kuwa ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo da ake jefawa a ludo. Rubuta wa mai sayar da abinci ɓeraye a goshin shagonsa, ka ga ko wani zai sake kawo mana aiki daga layin nan. Haka cake da bake suke tafiya da fake, jabu ke nan. Meat da sweet suna tafiya da cheat, cuta. Bread yana tafiya da dead, matacce. Waya ba ta san abin da mutumin yake sayarwa ba, sauti kawai take haɗa maka. Ku kuma yaran yanzu duk abin da gilashin nan ya nuna muku ya zama yankan wuƙa. Ga ƙamus can a kan kanta, ƙura ta rufe shi, tun da ka zo ban ga hannunka a kansa ba.

Mu Hausarmu ta boko yadda ka furta haka ka rubuta. Mawaƙi in ya ɗauki ƙafiyar "wa" ko "ya", ido da kunne duk za su shaida a ƙarshen kowane baiti. Turanci ba haka yake ba. Haruffansa 26 ne, sautukansa sun kai 44, don haka rubutu da furuci kowa hanyarsa daban. Blue, shoe, two, you, through, duk amo ɗaya ne, amma dubi yadda kowacce ta ƙare. Food, good da blood kuma ido zai rantse 'yan gida ɗaya ne, kunnen Bature bai yarda ba. Sai kuma namu ciwon, na "p" da "f": mutum ya ce maka full, kai ka ji pull, ya ce pan, ka rubuta fan.

Ba zan ɓata bakina a kan jan layi da alli da auna tazarar haruffa ba. Wanda ya daɗe a rumfar nan bai iya wannan ba, ya nemi wata sana'ar. Abin da nake so ka ji shi ne abin da wani dilan fulawa ya yi mini a kasuwar Singa, tun kafin na'urorin buga allon roba su cika Kano, lokacin da duk allon da ka gani a gari hannu ne ya zana shi.

Alhajin nan ya kira ni ya ce yana son babban allo na kwano a saman shagonsa, da rubutu a gefe biyu na motocinsa na ɗaukar kaya. Aiki ne mai tsoka, irin wanda mutum ke sa ran ya yi wa iyali ɗinkin salla da shi. Taken da yake so: Our flour, your power. Wato fulawarmu, ƙarfinku. Take ne mai daɗi, ban ƙi shi ba, don flour da power amo ɗaya suke. Sai ya sa akawunsa ya rubuta mini a takarda. Ina dubawa na ga flower. Na ce, "Alhaji, wannan fure ne. Fulawar burodi f-l-o-u-r ake rubuta ta, babu w, babu e. Furucinsu ɗaya ne, shi ya sa ko mu da Hausa duka biyun fulawa muke ce musu, amma a rubuce sun rabu." Na ce a ɗauko buhu ɗaya daga cikin shagon a duba jikinsa. Buhunan suna nan jibge har rufi, taku uku ne tsakaninmu da su.

Akawun nan ya murtuke fuska. Ya ce ai tunda power da w-e-r ta ƙare, dole abokiyar amonta ma ta ƙare haka, in ba haka ba take bai tashi ba. Alhaji ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Malam, kai mai fenti ne ko malamin Turanci? Yaron nan takardarsa ta fi taka. Rubuta abin da aka ba ka." Har yau ina jin maganar nan a ƙirjina.

Kafin alƙalamin da ya ba ni ko kuɗin kwano da walda bai kai ba. Fenti, shuɗi da ruwan ɗorawa, bashi na ɗauko a wurin mutumin da nake saye a hannunsa. Na yi aikin nan kamar zan kai shi gasa: kowane harafi da inuwarsa, zangarniyar alkama a kowane gefe, rubutun motocin kuma a tsakar rana na yi su ina tsaye a kan durom, ƙarfen yana ƙona mini gwiwar hannu. Da na gama akawu ya zo ya karɓi takardar, wai zai kai wa mai buga rasit.

Ba a yi mako ba wani wakilin kamfani ya zo kawo kaya, ya ɗaga kai ya tambayi Alhaji ko ya koma sayar da furanni ne. Kasuwa ta ɗauka. Aka aiko a kira ni. Mutumin da ya ce in rubuta abin da aka ba ni, shi ne ya tsaya ya ce bai taɓa jin na yi gyara ba, jahilcina ne ya jawo masa abin kunya. Akawu ya ce shi flour ya rubuta, takarda kuma ta ɓace. Muka je gaban shugabannin layin. Shaidata ɗaya, yaron da ke riƙe mini tsani, aka ce ai yaronka ne, me zai ce? Waɗanda ke zaune a shagon ranar kuwa duk a hannun Alhaji suke karɓar kaya bashi, kowa ya sunkuyar da kai. Aka yanke in gyara da kuɗina, sannan a biya ni ciko.

Ka san ba a gyara harafi biyu a tsakiyar layi. Flower ta fi flour tsawo, in ka cire dole tazara ta lalace, sai an kankare layin gaba ɗaya an sake shafe. Na kankare allo, na kankare motoci, na sake cin wani bashin fentin. Cikon kuma? Yau ka dawo gobe, gobe Alhaji ya yi tafiya, har na gaji da zarya na bar shi da Allah. Sai da na sayar da kekena na biya mai fenti. Akawun nan har yanzu muna haɗuwa a wurin ɗaurin aure, ya miƙo mini hannu kamar ba abin da ya faru.

Saboda haka ga yadda za ka yi da mai shinkafarka. Rubuta masa Nice rice, good price a takarda da manyan baƙaƙe. Buɗe ƙamus ka duba kowace kalma, har wadda kake ganin ka sani. Karanta masa, ka fassara masa da Hausa a gaban maƙwabcinsa, ba yaronsa ba. Ya sa hannu a ƙasa, da kwanan wata. Takardar nan a akwatina za ta kwana, ko ɗansa ya zo karɓa ka ce ya zo ya same ni. Kuma kada ka buɗe gwangwanin fenti sai ya ba da rabin kuɗi.